Seleniyam: sinadarin da jariri ke samu daga tukunyar mahaifiyarsa

A Kasalgu, garin da ke gefen birnin Tamale a ƙarƙashin hukumar Sagnarigu ta arewacin Ghana, yawancin abin da mai juna biyu ke ci daga gonakin yankin yake fitowa: masara, gero, rogo, doya, gyaɗa da wake. Matan garin sun yi suna wajen sarrafa man kaɗanya, aikin da ke cin ƙarfi da lokaci. Da dare kuma, a gidaje da dama, tuwon zafi ne, wanda 'yan Ghana ke taƙaita sunansa da TZ, da miyar ayoyo ko ta kuɓewa.

Tuwo yana ƙosarwa, amma cikar ciki ba ta nuna ko jiki ya samu ƙananan sinadaran da yake buƙata. Binciken lafiyar al'umma na Ghana na 2022 ya nuna kimanin rabin masu juna biyu a ƙasar suna fama da ƙarancin jini, kuma a Jihar Arewa, inda Tamale take, kusan yara uku cikin goma 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure. An saba jin maganar ayon da aidin da bitamin A a wurin awo. Akwai wani sinadarin da ba a cika ambata ba, wato seleniyam, wanda ake rubutawa Selenium a kwalayen magani na Turanci, Sélénium a na Faransanci. Uwa da jariri suna buƙatarsa, amma tazarar da ke tsakanin abin da ya isa da abin da ke cutarwa ba ta da faɗi. Saboda haka hanyar da ake samunsa tana da muhimmanci kamar samun nasa.

Mene ne seleniyam?

Masanin kimiyya ɗan ƙasar Suwidin, Jöns Jacob Berzelius, shi ya gano seleniyam a 1817, ya raɗa masa suna daga kalmar Girkanci mai nufin wata. An daɗe ana yi masa kallon guba kawai, domin dabbobin da suka yi kiwo a wuraren da ya yi yawa a ƙasa kan zubar da gashi, kofatonsu su lalace. Sai a 1957 Klaus Schwarz da Calvin Foltz suka nuna a Amurka cewa ɗan kaɗan daga cikinsa yana kare hantar ɓeraye daga lalacewa. Daga nan aka gane jiki ba ya iya rayuwa babu shi.

A jikin ɗan Adam akwai nau'o'in furotin 25 da ba sa haɗuwa sai da seleniyam. Wasu suna kare ƙwayoyin halitta daga ɓarnar da ke biyo bayan ƙona abinci a jiki. Wasu suna taimakon garkuwar jiki. Wasu kuma suna aiki da halittar tayirod, wadda ke gaban wuya, wadda idan ta kumbura ake cewa maƙoƙo.

Abin da ake buƙata ƙanƙani ne, da maikirogiram ake auna shi, wato kashi ɗaya cikin miliyan na giram. Ma'aunin Amurka ya ce baligi na buƙatar maikirogiram 55 a rana, mai juna biyu 60, mai shayarwa 70. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun yi ƙasa da haka, kimanin 30 ga mai tsohon ciki. Ko da an ɗauki babban ma'aunin, duk abin da mace ke buƙata daga ɗaukar ciki zuwa haihuwa bai wuce miligiram 17 ba, abin da bai kai nauyin ƙwayar shinkafa ɗaya ba.

Yadda jariri ke samun rabonsa

Yayin da ciki ke girma, seleniyam ɗin da ke cikin jinin uwa yakan ragu. Dalili biyu ne: ruwan jininta yana ƙaruwa, sannan wani kaso yana wucewa ta mabiyiya zuwa ga tayi. A watanni ukun ƙarshe ne tayi ke tara mafi yawan ajiyarsa a hanta, ajiyar da zai yi amfani da ita a makonnin farko bayan haihuwa.

Wannan ne ya sa bakwaini ke zuwa duniya da ajiya kaɗan, tunda bai cika watannin tarawa ba. Wani nazari na ƙungiyar Cochrane da ya haɗa gwaje-gwajen da aka yi kan jariran da aka haifa tun da sauran lokaci sosai ya nuna cewa ƙara musu seleniyam yana rage kamuwa da cutar da ke shiga jini. Amma wannan aikin likitoci ne a sashen jarirai na asibiti, da ma'auni na musamman, ba abin da ake yi a gida ba ne.

Bayan haihuwa, nono ne ke ci gaba da aikin. Jariri daga haihuwa zuwa wata 6 yana buƙatar kimanin maikirogiram 15 a rana, kuma nono ke ba shi. Dakashi, wato nonon farko mai kauri da launin rawaya, ya fi nonon da ke biyo baya yawan seleniyam. A gidajen da har yanzu ake matse dakashi a zubar da sunan cewa ba shi da kyau, jariri yana asarar wannan rabo tare da kariyar cututtuka da ke cikinsa. Haka kuma, yawan seleniyam a nono yana hawa da sauka gwargwadon abin da uwa ke ci, saɓanin wasu sinadarai irin su kalsiyam, da jikin uwa ke ɗebowa daga ajiyarsa ya zuba a nono ko da abincinta ya gaza.

Bincike da dama sun ga cewa matan da seleniyam ya yi ƙasa a jininsu sun fi fuskantar hawan jinin masu ciki da kan kai ga jijjiga, da haihuwar bakwaini, da jariri maras nauyi. A 2017 wani babban binciken ƙwayoyin gado ya gano cewa wata ƙwayar gado da ke taimaka wa jiki amfani da seleniyam tana da alaƙa da tsawon lokacin ciki. A 2021 aka wallafa nazarin samfurin jinin mata kusan 10,000 daga ƙasashe daban-daban, inda alaƙar ta fito fili a wasu wurare, musamman Malawi, ba ta fito a wasu ba. Zuwan abu biyu tare ba ya tabbatar da cewa ɗaya ne ya haifar da ɗayan: matar da ba ta samun kifi da ƙwai, sau da yawa ita ce kuma ba ta samun sauran abinci masu gina jiki, ita ce ke fama da zazzaɓin cizon sauro, wanda shi kansa ke rage seleniyam ɗin da ake gani a jini.

Ƙasar noma ce tushe

Shuka ba ta ƙirƙirar seleniyam, daga ƙasa take tsotso shi. Masara iri ɗaya da aka shuka a gonaki biyu na iya bambanta ƙwarai, kuma ba a gane hakan a ido ko a baki.

Ƙasar Sin ce ta fara ɗanɗana kuɗar wannan. A 1935 wata cutar zuciya ta ɓarke a gundumar Keshan da ke arewa maso gabashin ƙasar, tana kashe ƙananan yara da mata masu shekarun haihuwa. Manoma ne da ke cin abin da suka noma kaɗai, a ƙasar da kusan babu seleniyam. A gwajin da aka yi a lardin Sichuan daga 1974, yaran da aka ba ƙwayar seleniyam sun tsira daga cutar ƙwarai idan aka kwatanta da waɗanda ba a ba ba. Daga baya aka gano akwai wata ƙwayar cuta da ke da hannu, wadda ke ƙara tsanani a jikin da seleniyam ya yi ƙaranci.

A Afirka, Malawi ce aka fi bincika. An gano masarar da ake nomawa a yawancin ƙasar, inda ƙasa ke da tsami, ba ta da seleniyam sosai, yayin da ta kwarin kogin Shire kan ninka ta har sau goma. Binciken ƙasa na 2015 zuwa 2016 ya nuna kimanin mata shida cikin goma masu shekarun haihuwa ba su kai matakin da ake so a jini ba. Wani ƙiyasi na 2014 da ya dubi abincin da ke wadace a ƙasashen nahiyar ya ce kashi 28 cikin 100 na 'yan Afirka suna cikin haɗarin ƙarancin seleniyam.

Darasin ya shafi yankin Tamale ta fuska biyu. Na farko, ƙasar noma a yawancin arewacin Ghana tana da ɗan tsami, ba ta da kitse sosai, kuma a wurare da yawa akwai marmara kusa da sama. A irin wannan ƙasa, ƙarfen da ke cikinta kan riƙe seleniyam ya hana saiwa tsotsa. Na biyu, damina ɗaya ce a shekara, daga wajen Mayu zuwa Oktoba, kuma a Yuni da Yuli, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon amfani bai iso ba, abinci kan koma tuwo da miyar ganye. Idan aka ƙara garin rogo a tuwon don ya yi auki, abin ya ƙara raguwa, domin seleniyam da furotin yake tafiya, rogo kuwa ba shi da furotin sosai. Hanyar tabbatar da matsayin kowane gari ita ce a auna hatsinsa da jinin mutanensa a ɗakin gwaji, kuma yankin yana da cibiyoyin da irin wannan aiki ya dace da su: Cibiyar Binciken Noma ta SARI a Nyankpala, Jami'ar UDS, da Asibitin Koyarwa na Tamale.

Inda aka tabbatar da ƙaranci, gyaran kan fara ne daga gona. Tun 1984 Finlan ta fara zuba seleniyam a takin zamani, kuma cikin 'yan shekaru abin da mutanenta ke samu a abinci ya ninka fiye da sau biyu. A gundumar Kasungu ta Malawi, a 2019, an raba garin masarar da aka noma da irin wannan taki, kuma cikin mako 8 seleniyam ɗin jinin matan da suka ci ya kusa ninkawa.

Seleniyam da aidin tare suke aiki

Halittar tayirod tana amfani da aidin wajen haɗa sinadarin da ke tafiyar da girman jiki da na ƙwaƙwalwa. Amma sinadarin yana fitowa ne a siffar da ba ta da ƙarfi, sai wasu furotin masu seleniyam sun juya shi kafin ya yi aiki. A farkon ciki tayi ba shi da tayirod mai aiki, da na uwarsa yake dogara wajen ginin ƙwaƙwalwa.

A arewacin Zayar, wadda yanzu ake kira Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo, an samu yankin da ƙarancin aidin da na seleniyam suka haɗu, ga kuma yawan cin rogon da ba a jiƙa sosai ba. Maƙoƙo ya yi yawa, an kuma samu yara da yawa da girmansu da fahimtarsu suka tsaya. A wajen 1990 masu bincike suka gwada ba da seleniyam shi kaɗai, sai aikin tayirod na wasu daga cikin yaran ya ƙara taɓarɓarewa. Tun daga nan ƙa'idar ita ce a gyara aidin tukuna.

Ghana ta wajabta sa aidin a gishiri tun 1996. Duk da haka, gishirin da ake aunawa a kwano a kasuwa ba koyaushe yake da shi ba. Ga mai juna biyu a Kasalgu, ko a zangon Kumasi, Lome, Wagadugu ko Garwa, gishirin leda mai tambarin aidin, a rufe shi a nesa da zafi da danshi, ya fi kowace ƙwayar seleniyam muhimmanci.

Abin da gwaje-gwajen Afirka ta Yamma suka nuna

A 1999 UNICEF da Hukumar Lafiya ta Duniya da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya suka tsara ƙwaya ɗaya ta masu juna biyu mai ɗauke da sinadarai 15, ana kiranta UNIMMAP. A cikinta akwai ayon miligiram 30, folik asid maikirogiram 400, aidin 150 da seleniyam 65.

An gwada ta a ƙauyukan jihar Maraɗi ta Nijar, aka wallafa sakamakon a 2007: jariran matan da suka sha ta sun fi na waɗanda suka sha ayon da folik asid kaɗai nauyi da kimanin giram 67. An samu makamancin haka a gundumar Hunde ta Burkina Faso a 2008. A Ghana, daga ƙarshen 2009, Jami'ar Ghana da Jami'ar Kalifoniya ta Davis sun bi mata 1,320 a yankin Somanya da Kpong, inda aka ba wasu ɗan ƙunshin gyaɗa da madara da mai wanda aka ƙara wa sinadarai, har da seleniyam. Jariransu sun fi nauyi, kuma amfanin ya fi fitowa ga masu cikin fari. Nazarin Cochrane na 2019 da ya haɗa gwaje-gwaje da yawa ya ce ƙwayar haɗaka tana rage haihuwar jariri maras nauyi da kimanin kashi 12 cikin 100.

A duk waɗannan, seleniyam ɗaya ne cikin sinadarai da yawa, don haka ba za a ba shi yabon shi kaɗai ba. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da ƙwayar haɗaka tare da ci gaba da bincike, a 2021 kuma ta sa ta a jerin muhimman magunguna. Ƙa'idojin awon ciki na hukumar ba su ƙunshi ba masu juna biyu seleniyam shi kaɗai ba. Wani gwaji a Tanzaniya da aka ba mata masu ɗauke da cutar HIV maikirogiram 200 a rana bai nuna wani babban amfani ga uwa ko ciki ba.

Idan ya yi yawa

Amurka ta sa iyakar da baligi bai kamata ya wuce ba a maikirogiram 400 a rana. A 2023 hukumar kula da ingancin abinci ta Turai ta sauko da tata iyakar zuwa 255. Alamomin yawansa sun haɗa da warin tafarnuwa a numfashi, zubewar gashi, karyewar farce, gudawa da gajiya. A farkon shekarun 1960 mutanen gundumar Enshi ta ƙasar Sin sun yi ta asarar gashi da farce saboda amfanin gonar da aka noma a ƙasa mai yawan seleniyam. A 2008 mutum 201 sun kamu a Amurka bayan shan wani maganin ruwa na ƙarin kuzari da aka yi kuskuren zuba masa seleniyam kusan ninki 200 na abin da aka rubuta a kwalba.

Wannan gargaɗi ne ga kasuwannin kan iyaka, inda ake sayar da ƙwayoyin ƙarin jini da na ƙarin ƙarfi a tire da cikin mota, wasu da rubutun da mai saye ba ya iya karantawa. Macen da ke shan ƙwayar asibiti, ta ƙara da ta kyamis, ta ƙara da wadda 'yar'uwa ta aiko daga waje, tana iya tara abu ɗaya sau uku ba ta sani ba. Akwai kuma gyaɗar Burazil da ake tallatawa a intanet: ƙwara ɗaya na iya ɗauke da maikirogiram 68 zuwa 91, wato fiye da buƙatar yini guda.

Abin da ke cikin ikon iyali

Dabbobi da kifi suna tara seleniyam a jikinsu, shi ya sa suka fi hatsi tabbas. Bisa alƙaluman Amurka, dafaffen ƙwai ɗaya yana da kimanin maikirogiram 15, giram 85 na kifin sadin na gwangwani kuma kimanin 45. Adadin kan bambanta da abin da kaza ta ci, amma ƙwai ɗaya a rana yana iya ba mai juna biyu kusan kashi ɗaya cikin huɗu na buƙatarta.

A kasuwar Aboabo da sauran kasuwannin Tamale, ƙananan busassun kifin da ake kira amani suna cikin mafi araha. Idan aka daka su gaba ɗaya aka zuba a miya, ana samun seleniyam da ayon da kalsiyam tare. Ƙananan kifi kuma ba sa tara sinadarin makuri kamar manyan kifaye masu cin 'yan'uwansu, abin lura a ƙasar da haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba ta gurɓata koguna da dama. Ƙwan zabi yana yawaita da damina, daidai lokacin da rumbu ke ƙasa. Wake, waken suya, gyaɗa da daddawa suna ƙara furotin, kuma cin hatsin da ya fito daga kasuwanni daban-daban yana rage dogaro da gona ɗaya.

Sau da yawa matsalar a rabo take. A wasu gidaje ana hana mai ciki ƙwai da cewa ɗan zai yi sata ko zai yi girman da zai wahalar da haihuwa, ƙwan kuma ya tafi kasuwa. Nama da kifin miya kan fara zuwa kwanon maigida. Tunda miji da uwar miji ne ke da ta cewa kan cefane da rabo a gidaje da yawa, bayanin da ake yi wa mace ita kaɗai a wurin awo ba ya isa tukunya sai su ma sun ji.

Sauran matakan sanannu ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ganin ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8 kafin haihuwa, tun daga watanni ukun farko. A Ghana awo da haihuwa kyauta ne a ƙarƙashin inshorar lafiya ta ƙasa tun 2008, kuma ƙananan cibiyoyin CHPS suna kawo awo kusa da gida. A sha ƙwayar da aka bayar kullum, ko ta ayon da folik asid ce ko ta haɗaka, ba a haɗa su biyun sai ma'aikacin lafiya ya ce a yi. A karɓi maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, a kwana cikin gidan sauro. Duk wata ƙwaya da aka saya a waje, a kai kwalinta wurin awo a nuna wa ungozoma kafin a sha.

Bayan haihuwa, a sa jariri a nono cikin sa'a ta farko, a bar shi ya sha dakashi, a ci gaba da nono zalla har wata 6, babu ruwa babu koko. Binciken 2022 ya nuna jariran Ghana da ke samun nono zalla sun ɗan haura rabi kaɗai. Mai jego kuwa buƙatarta ta seleniyam ta fi ta lokacin ciki, don haka kifi da ƙwan da aka fara sa mata a kwano kada su tsaya ranar suna.